Wasiƙa Ga Matasa Masu Shirin Ci-rani: Ku Dubi Zaman 'Yan Filifin A Ƙetare



Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena, maza da mata, waɗanda suka yanki fasfo suna jiran biza, da waɗanda suka riga suka sauka a Riyad ko Jidda ko Doha ko Dubai suna neman na kansu. Ina gaishe ku da fatan alheri, Allah Ya sa ku fita a sa'a, ku dawo a sa'a.

Idan kuka zauna da ejan, hirar ba ta wuce albashi da masauki da tikitin jirgi. Ba mai gaya muku yadda dare yake tsawo bayan an tashi daga aiki, ko abin da za ku yi da ranar hutu, ko amsar da za ku bayar ran da abokan aiki suka gayyace ku walima. Alhali a waɗannan sa'o'in ne ɗan ci-rani yake ginuwa ko ya rushe. Shi ya sa nake son in ba ku labarin wasu mutane da suka yi shekara hamsin suna wannan rayuwa, kuma babu makawa sai kun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su, wato 'yan ƙasar Filifin.

A shekarar 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta kafa dokar ƙwadago da ta mayar da tura ma'aikata ƙetare tsarin hukuma. Lokacin kuɗin mai ya cika ƙasashen Larabawa, ana ta gina hanyoyi da asibitoci da tashoshin jiragen ruwa, sai magina da injiniyoyi suka yi ta kwarara daga Manila. Daga baya mata suka bi sahu, nas-nas da masu aikatau. Har nan Arewa sun zo, dattawanku da suka yi sakandare a wancan zamani za su iya tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Filifin. Yau masu aikin kwantiragi a waje sun haura miliyan biyu, fiye da rabinsu mata ne, Saudiyya ce kan gaba wajen ɗaukarsu, kuma kuɗin da mutanen ƙasar ke turawa gida ya wuce dala biliyan 30 a shekara. Mutanen da suka daɗe haka a kan hanya sun san ramukanta, ya kamata mai hankali ya tsaya ya kalle su.

Ku ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Riyad. Motar ma'aikata ke ɗauko ta daga masauki, ita ke mayar da ita. Ɗaki ɗaya take kwana da wata, ko wasu. Agogon Manila yana gaban na Riyad da sa'a biyar, saboda haka idan ta tashi daga aikin yini, 'ya'yanta sun yi barci. Sai ta ƙwaci 'yan mintoci da asuba ko lokacin cin abinci ta kira su ta bidiyo, ta tambayi aikin makaranta, ta raba faɗa, ta yi wa mara lafiya sannu. Ranar albashi tana layin tura kuɗi kafin ta sayi komai nata. A kusurwar ɗakinta akwai wani ƙaton kwali da suke kira balikbayan, wata da watanni tana jefa masa sabulu da man goge baki da abincin gwangwani da takalman yara, sai ya cika ta ɗaure shi a ɗora a jirgin ruwa, ta lissafa yadda zai isa kafin Kirsimeti. Haka rayuwar take maimaita kanta har kwantiragin shekara biyu ya ƙare, a sabunta.

Abin da ke hana irin wannan rayuwa cinye mutum shi ne jama'a, kuma a nan 'yan Filifin suka yi fice. Duk inda biyu suka haɗu, ko ba su taɓa ganin juna ba, sai ka ji “kabayan”, ɗan ƙasarmu, hira ta ɓarke. A Riyad suna da unguwar Batha, a Dubai suna da Satwa, inda suke samun abincin gida da labarin gida. A Hong Kong kuwa doka ta tilasta wa mai aikatau kwana a gidan da take aiki, ga gidajen ƙanana, ba ta da wurin karɓar baƙo. Sai suka mayar da titi falo. Kowace Lahadi dubban mata suna shimfiɗa kwalaye a tsakiyar birnin, a dandalin Statue Square da ƙarƙashin ginin bankin HSBC, suna cin abinci tare, suna yi wa juna gyaran gashi da farce, suna koyon rawa, suna haɗa kayan da za a aika gida. A kan waɗannan kwalayen ne sabuwar zuwa take jin hakkinta, take sanin inda ake kai ƙara idan an hana ta albashi.

A wurin aiki ma haka suke. Da wuya wata ya wuce ba su ƙirƙiro dalilin zama tare ba. Mai bikin ranar haihuwa shi ke ciyar da abokan aiki, kuma ba a rasa taliyar pancit, wadda suke camfa tsawonta da tsawon rai. Wata ta kawo adobo, naman da ake dafawa da ruwan tsami da tafarnuwa, wani ya kawo shinkafa, wani lemo, kowa da abin da ya sawwaƙa. Bayan an ci sai a kunna na'urar karaoke, mai murya da mara murya kowa ya rera. Tun daga Satumba suke fara ɗokin Kirsimeti, a Disamba su yi ƙuri'ar musayar kyauta, a yanka iyakar kuɗin da za a kashe don kada mai ƙaramin albashi ya ji kunya. Maza suna da gasar ƙwallon kwando ranar hutu. Wanda kwantiraginsa ya ƙare a yi masa walimar ban-kwana. Idan aka yi wa ɗayansu rasuwa a gida, kafin magariba ambulan ya zaga, an haɗa masa abin da zai rage hanya.

To, nasihata ta farko, kada ku ware kanku. Na san halinmu: matashi ya tashi daga aiki, ya shige ɗaki, ya rungumi waya har barci ya ɗauke shi, yana ganin ai neman kuɗi ya kawo shi. Wanda ba a gani a taro ba a tuna shi ranar da aka ji labarin gurbin aiki mai kyau, kuma ba a saurin lura ran da ya kwanta ciwo. Idan an gayyace ku, ku je, ku kai naku. Dambun nama ko kilishi ko farantin shinkafa dafa-duka yana buɗe hirar da wata shida na gaisuwar baki ba ta buɗe ba. Addininku ba ya hana ku wannan, iyaka dai ya sa muku. Mafi yawan 'yan Filifin Kiristoci ne 'yan Katolika, naman alade yana cikin abincinsu, kuma a wasu ƙasashen akan kawo giya wurin walima. Ku faɗi matsayinku tun ranar farko, cikin fara'a, ba tare da wa'azi ko yatsina ba. Ku tambayi abin da ke cikin tukunya, ku tashi idan lokacin salla ya yi, ku yi sallama idan zaman ya fara sauya launi. Mutane ne masu gudun ɓata wa abokin zama, kuma a cikinsu akwai Musulmi daga Mindanao, irin su Maranao da Maguindanao da Tausug, saboda haka maganar halal ba baƙuwa ba ce a kunnensu. Ku ma ku gayyace su buɗa-baki da cin naman Salla. Zumunci a ƙafa yake, a ƙetare ma haka ne.

Na biyu, kuma a nan nake son ku nutsu sosai, jama'ar da ke riƙe mutum ita ce kuma take iya tatse shi. Su kansu 'yan Filifin suna kokawa da wannan. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin a waje suka koma gida ba fili, ba jari, sai hotuna. Ba caca suka yi ba, ba sata aka yi musu ba. Karo-karon walima ne yau, gobe kyautar wane, jibi sabuwar waya don kada a raina su, ga dangi a gida da suka ɗauka duk wanda ke ƙetare a kan rijiyar kuɗi yake zaune. Kuɗin makarantar ɗan ƙanwa, bikin gari, gyaran rufin kawu, kowa ya kira sai an tura, saboda kunyar a ce an yi butulci. Idan hutu ya zo a ciyo bashi a sayi tsaraba, a yi makonni ana ciyar da unguwa, a dawo a shekara ana biya. Wannan labarin bai yi muku kama da na gida ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun albashin farko ku raba shi: na iyaye da iyali, na ajiya da ba a taɓawa, na cefane, sannan ɗan abin hidimar jama'a. Idan na hidima ya ƙare, ya ƙare, ku ce “wannan karon ba hali” ba tare da jin nauyi ba. Ku gaya wa mutanen gida gaskiyar abin da kuke samu da abin da kuke kashewa, domin ƙaryar arziki ita ke jawo buƙatun da ba za ku iya ba. 'Yan Filifin suna da adashensu da suke kira paluwagan, yana taimako ƙwarai, amma yakan watse idan wani ya kwashi nasa ya bar ƙasar; ku shiga da waɗanda kuka sani kawai, da kuɗin da ba zai karya ku ba. Kada ku sa hannu ku tsaya wa abokin aiki a bashin banki don kun ci abinci tare. A ƙasashen Larabawa bashi yana iya hana mutum fita ƙasa, kuma ranar biya mai sa hannu ake nema.

Na uku, ku tsare harshenku da wayarku. Abin da aka faɗa kan shugaban aiki a wurin walima yakan riga mai faɗarsa isa ofis. Ɗaukar hoton mutum a watsa ba da izninsa ba laifi ne a dokokin Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba wasa ba ne. Ku kuma ji tsoron kaɗaici, shi ne ƙofar da ɓarna ta fi shigowa. Aure da yawa ya mutu a Filifin saboda shaƙuwar da ta fara da “mu ci abinci tare” tsakanin mai mata a gida da mai miji a gida.

Na huɗu, kuɗi ba ya renon yaro. A shekarar 2000 an yi wani fim a Filifin mai suna Anak, inda Vilma Santos ta fito a matsayin uwa mai aikatau a Hong Kong, ta dawo gida ta tarar 'yarta ta girma da fushinta. Fim ɗin ya ratsa mutanen ƙasar saboda gidaje da yawa sun ga kansu a ciki. Ku sa wa kiran gida lokaci kamar yadda aka sa wa aiki lokaci. Ku tambayi karatun yaro da sallarsa da abokansa, kada hirar ta tsaya a “kun ga saƙo?” Kuma tun kafin ku tafi ku yanke abin da kuka je nema da lokacin dawowa.

Na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Ba kowane ɗan ci-rani ke samun zuwa walima ba. Akwai mai aikatau da aka karɓe wa fasfo da waya, ba ranar hutu, ba mai jin muryarta. A 1995 aka rataye Flor Contemplacion a Singafo bisa hukuncin kisan kai, 'yan ƙasarta da yawa suna ganin gwamnatinsu ba ta tsaya mata ba. Fushin da ya biyo baya ne ya haifar da dokar kare ma'aikatan ƙetare a wannan shekarar. A 2018 aka gano gawar Joanna Demafelis a cikin firiza a wani gida da aka bari a Kuwait, bayan danginta sun fi shekara ba su ji daga gare ta ba, har Shugaba Rodrigo Duterte ya dakatar da tura ma'aikata can sai da aka sake yarjejeniya. Yau Filifin tana da ma'aikata sukutum ta 'yan ci-rani, kuma dole ne mai tafiya ya halarci bitar wayar da kai kafin ya hau jirgi. Duk da haka ana cutar mutanensu. To ina ga wanda ya fita da bizar Umara ya maƙale, ba igama, ba kwantiragi, ba wanda ya san gidan da yake? Ku bi halastacciyar hanya. Ku karanta kwantiragi kafin ku sa hannu, ku bar kwafinsa da na fasfo a gida, ku san inda ofishin jakadancin ƙasarku yake, ku ba iyayenku sunan kafili da adireshinsa. Idan kuma kun samu wuri kun zauna, ku haɗa kanku, ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata. Babban amfanin taron shi ne a ƙirga kai: wance ba ta zo ba, wa ya ji muryarta? Wane wata biyu ba a gan shi ba, a je a duba. Wannan tambayar tana iya ceton rai.

'Ya'yana, neman halal a ƙasar wani ba abin kunya ba ne, kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, sun taka har Makka ta Sudan suna aiki a hanya. Ku shiga cikin mutane da mutunci, ku ci da su, ku taimake su, ku bari su taimake ku, amma ku riƙe addininku da aljihunku da iyalinku. Ku nemi ɗan'uwan da ya yi shiru. Allah Ya tsare ku, Ya yi wa nemanku albarka, Ya dawo da ku gaban iyayenku lafiya.

Wassalam.

Naku, mai yi muku fatan alheri a kullum.