TASHAR JIRAGEN RUWA TA IKKO: JIYA DA YAU

Birnin Ikko, watau Legas, yana zaune ne a bakin wani babban tabki wanda wata 'yar kafa ta haɗa shi da teku. A zamanin da, rairayi ya tare bakin kafar nan, ba dama babban jirgi ya shigo. Sai jirage su tsaya can cikin teku, a riƙa jidar kaya da ƙananan jirage zuwa kwatar kwastan da ke Marina. Sau da yawa igiyar ruwa takan kifar da su, a yi hasarar rayuka da dukiya.

Yadda Aka Buɗe Hanya

A shekarar 1907 aka soma gina ganuwar duwatsu a bakin kafar domin tare rairayi, aka kuma yashe hanyar. A 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo lafiya. A lokacin kuwa hanyar jirgin ƙasa ta riga ta kai Kano tun 1911, gyaɗa da auduga da fatu suna ta gangarowa kudu. Da Marina ta yi kaɗan, sai aka ƙetara Apapa, inda aka gama kwata mai zurfi a 1926. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta kama aiki a 1955.

Cinkoso Da Gyara

A 1975 aka yi odar siminti fiye da kima. Jirage ɗaruruwa suka yi watanni suna jiran sauke kaya, ƙasa kuwa tana biyan kuɗin jira. Wannan ya sa Gwamnatin Tarayya ta hanzarta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. A 2006 aka ba kamfanoni hayar kwatoci, a 2023 kuma aka buɗe tasha mai zurfi a Lekki.

Ita ma tsohuwar Marina ta sāke kama. An cike bakin ruwanta an shimfiɗa babbar hanya, kuma tun 2023 jirgin ƙasa mai lantarki yana ɗaukar fasinja daga nan zuwa Mile 2.

Abin Lura Ga Jama'a

Tashar nan dukiyar ƙasa ce baki ɗaya. Idan kaya suka kwana a Apapa, mai saye a kasuwar Kurmi shi zai biya. Saboda haka wajibi ne kowane ɗan kasuwa ya cika takardunsa bisa gaskiya, ya biya kuɗin kwastan, ya kwashe kayansa da wuri, ya kuma guji ba da toshiya.