Idan gari duka ya yarda, mummuna yakan zama kyakkyawa?

Wani ɗalibi daga Gummi ya turo tambaya: "Malam, wai kyau da muni ra'ayi ne kawai, abin da al'umma ta yarda da shi shi ne daidai?"

Maganar ba sabuwa ba ce. Malaman aƙida suna kiranta mas'alar husnu da ƙubhu. Mu'utazilawa suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane mummuna, har a kama mutum da shi. Ash'arawa suka ce a'a, mummuna shi ne abin da shari'a ta hana. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya bi tsakani: munin yana cikin aikin, hankali yana iya gano shi, amma azaba sai bayan hujja ta iso. Lura fa, ba wanda ya ce yardar gari ce ma'auni.

Ni na uku nake rinjayarwa, kuma misalinsa yana nan gida. A 2010, a Dareta da Abare da Bagega cikin Anka, da 'Yargalma cikin Bukkuyum, ana kawo dutsen zinariya cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Kowa ya yarda neman halal ne. Ashe akwai dalma a dutsen. Kafin likitocin MSF da hukumomi su shawo kan abin, yara sama da 400 sun rasu. Allah Ya sa masu ceto ne.

Wani zai ce, ai wannan zancen likita ne, ba na ɗabi'a ba. To, ranar da aka gane dalili, wa ya jira fatawa kafin ya san shaƙa wa jariri guba mummuna ne? Munin yana nan tun ranar farko, saninsa ne ya makara. Shi ya sa ba na ɗora wa waɗancan iyaye zunubi, hujja ba ta iso musu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne agwagi. Su suka fara ƙarewa a yankin kafin a farga da yara, amma agwagwa ce dai, wa zai bi kadinta? Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har yunwa ta kashe ta. Ba a ce maƙwabtanta sun zarge ta ba, kyanwar ce ke da haƙƙi.

Yau hukuncin ya sauya, domin an sani. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013, labari ya kai ko'ina. Wanda ya ƙara shigo da dutsen nan gida, ko ya wanke shi a tafkin da shanu ke sha, ba zai fake da cewa kowa na yi ba, ko da talauci ne ya kai shi.

Wallahu a'alam.