Ratar Bawul a Injin Yankan Ciyawa

Wani Bature mutumin Ingila, Edwin Budding, shi ya ƙago keken yankan ciyawa a shekarar 1830, da ƙarfin hannu a ke tura shi. A 1876 kuma Nikolaus Otto na ƙasar Jamus ya gama ƙera injin nan mai bugu huɗu. Daga baya aka haɗa su biyun, aka sami abin da ke share filayen wasa na makarantu. Nufimmu a nan shi ne mu bayyana wa 'yan'uwa wani ɗan wuri cikin wannan inji, wanda bai fi kaurin takarda biyu ba, amma kuwa lafiyar injin duka ta rataya a kansa.

Silinda tana da ƙofofi biyu, su a ke kira bawul. Ta ɗaya iska da fetur ke shiga, ta ɗayar hayaƙi ke fita. Fistan ya kan sauka ya zuƙo, ya hau ya matse, wuta ta kama ta tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A lokacin matsa da lokacin kamawar wuta lalle ne ƙofofin nan biyu su rufu ruf. Wani ƙarfe mai kama da hannun sikeli, wanda makanikai ke kira roka, shi ke danna bawul ya buɗe. Tsakanin bakin roka da kan bawul maƙera sun bar 'yar rata da gangan.

Me ya sa? Mun sani daga darasin kimiyya, ƙarfe in ya yi zafi ya kan ƙara tsawo. Dalilin ke nan da a kan bar tsaga a mahaɗar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa. Haka sandar bawul ta ke yi in inji ya ɗau zafi, ratar nan ita ce wurin miƙewarta.

In rata ta yi yawa, sai a ji inji yana ƙas-ƙas, ƙarfinsa ya ragu, a wasu injuna ma igiyar tayarwa ta yi tauri a hannu. In kuwa ta yi kaɗan, ba a jin kome, amma nan ne babban haɗari ya ke. Bawul ɗin hayaƙi ba shi da babbar hanyar sauke zafinsa sai ya zauna daram bisa mazauninsa. In bai zauna ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakin. Saboda haka kada wani ya ɗaure roka tam don ya kashe ƙara. Ratar da ta yi yawa tana kuka a ji ta, wadda ta yi kaɗan kuwa bebiya ce, sai ta gama ɓarna a sani.

Ga yadda a ke gyara.

1. A bar inji ya huce sarai, gama awon da aka rubuta na ƙarfe mai sanyi ne.

2. A zare wayar fulogi, a kwance fulogin kansa, kada inji ya tashi wuƙar ta sari hannu.

3. A share datti, a kwance murfin bawul a hankali, kada gasket ya yage.

4. A juya inji da hannu ta inda ya saba juyawa. A lura da bawul ɗin shigar mai, ya buɗe ya rufe, sa'an nan fistan ya hau ƙarshen sama. Ɗan tsinke mai laushi cikin ramin fulogi zai nuna hawansa. A nan roka biyun su kan saki. Ga injunan Briggs & Stratton a kan ƙara juyawa har fistan ya sauka kwata na inci, watau wajen milimita 6.

5. A ɗauko ma'aunin rata, siraran ganyayen ƙarfe ne, kowanne da lambar kaurinsa. A zura wanda ya dace. Injin Honda GCV160 yana son milimita 0.15 ga bawul ɗin shiga, 0.20 ga na hayaƙi, domin shi ya fi shan zafi. Kowane inji da nasa awo, a duba littafinsa.

6. In awo bai yi daidai ba, a sassauta notin kulle da sufana, a murɗa abin daidaitawa kaɗan kaɗan, har ganyen ya riƙa shiga da 'yar gardama, ba sako-sako ba, ba kuma da dole ba.

7. A riƙe shi kada ya motsa, a ɗaure noti, a sake aunawa, gama ɗauri ya kan gusar da awo. A mai da murfi da fulogi.

Tsofaffin injuna masu bawul a gefen silinda ba su da roka. Su sai an zare bawul an goge gindinsa, wannan aikin gwani ne, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

Mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu nuna wa yara dalili kafin mu ba su sufana. Wanda ya gane abin da zafi ke yi wa ƙarfe ba zai rufe ratar ba. Irin wannan inji kuma shi ne cikin ƙananan janareta da injin ban ruwa na fadama, wanda ya iya ɗaya ya kama hanyar sauran. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.