Makantar Launi Gado Ce, Ba Dundumi Ba Ce

Na gaji da jin magana ɗaya daga iyayen da ke kawo yara gwajin ido daga Wudil da ƙauyukanta: yaro ba ya bambance ja da kore, an ce dundumi ne, an ɗura masa hanta, an rambaɗa masa kwalli, wasu ma har da rubutun sha wai sammu ne. Dundumi rashin gani ne da daddare. Wannan kuwa yana gani garau, launi ne kawai ke rikice masa, kuma haka aka haife shi. Hanta ba ta gyara shi, kwalli ma haka. Gilashin da ake talla a Facebook shi ma ba ya warkarwa.

Abin yana bin jini ta wajen uwa. Uba mai matsalar ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata suna ɗauke da ita ko da suna ganin launi daidai, kuma kowane ɗa namiji da za su haifa yana iya gado, yana iya tsira, rabi da rabi. Shi ya sa take tsallakawa daga kaka zuwa jika. Ku bincika kakan yaron na wajen uwa da kawunnansa. Mace ba kasafai take samu ba sai ta gado daga uwa da uba, abin da auren zumunci ke iya jawowa. Wannan ba dalilin goranta wa uwar ba ne.

Malaman firamare, ku daina zane yaro don ya shafa wa ganye jan launi. Ba daƙiƙi ba ne.

Inda nake ja muku kunne shi ne zaɓen sana'a. Kada yaro ya shekara yana burin tuƙin jirgin sama, ko ya shiga karatun lantarki a Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil, sannan ya gane wayoyi suna rikice masa. A gwada shi tun yana firamare. Gwajin Ishihara, wanda wani likita ɗan Japan ya fitar a 1917, littafi ne na ɗigo-ɗigo masu launi, minti kaɗan an gama. Ku nema a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA.

Amma babban da launi ya fara dushe masa daga baya, musamman mai ciwon suga ko mai shan maganin tarin fuka, wannan ba gado ba ne. Ya ga likitan ido cikin gaggawa.