Kula da Gidan Batir a Mitar Gwajin Lantarki

Duk mai gyaran rediyo ko mai haɗa wutar gida yana da ƴar mita ta hannu wadda yake auna ƙarfin lantarki da ita. A bayanta akwai wani ɗan gurbi mai murfi, inda ake sa batir. Wasu mitoci suna amfani da batir ɗaya mai volt 9, wasu kuma ƙanana biyu ko uku masu volt 1.5 kowanne. Wannan gurbi shi ake kira gidan batir, kuma sau da yawa daga nan lalacewar mita take farawa.

Dalili kuwa shi ne batir yana yoyo. Idan ya ƙare aka bar shi a ciki, iska takan taru a cikinsa har ta fasa bakinsa, ruwan da ke ciki ya tsiyayo. Zafi yana gaggauta wannan, shi ya sa barin mita a mota da rana ba dabara ba ce. Haka nan haɗa sabon batir da tsoho. A batir irin na alkalin, ruwan nan mai kaifi ne ƙwarai, yana ƙona fata. Da ya haɗu da iska sai ya daskare ya zama farin gari, dangin sinadarin da ke cikin ruwan toka. Garin nan yana cin sifirin da ƙarafan da batir ke taɓawa, wani lokaci ma ya bi waya ya shiga cikin mitar.

Kafin a buɗe murfin, dole ne a cire wayoyin gwaji, ja da baƙa, a kuma kashe mitar. Wanda ya manta da haka yana iya taɓa wuta da hannunsa. Bayan an fitar da batir, sai a ɗiga ruwan lemun tsami a jikin auduga, a goge garin a hankali. Za a ga yana kumfa, alamar tsamin yana kashe kaifinsa. Amma batir mai araha, irin na tutiya da gawayi, ruwansa mai tsami ne, don haka ɗan garin soda da ruwa ya fi dacewa da shi. Daga nan a share da sifirit, a bari ya bushe sarai. Idan tsatsa ta kama ƙarfen, a kankare ta kaɗan kawai, kada a cinye rufinsa.

Wani abu da sababbin masu koyo ba su cika sani ba shi ne, mitar da batirinta ya yi sanyi tana iya yin ƙarya. A ƙananan mitoci masu araha, lambar da ke fitowa takan haura ta gaskiya, har mai gyara ya zargi na'urar da ba ta da laifi, ya sauya mata kayan da lafiyarsu ƙalau. Saboda haka da zarar alamar batir ta bayyana a fuskar mitar, sai a sauya shi. In kuwa za a ajiye ta na wasu watanni, a cire batirin a ajiye shi dabam, a wuri mai sanyi da ba danshi.