Idan Akwai Mai Ciwon Gajiya Mai Ɗorewa a Gidanku

Likitoci suna kiransa ME/CFS. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Yakan biyo bayan zazzaɓi mai zafi, har da korona, kuma ya fi kama mata. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi wa masu shi kallon raggaye.

1. A fara da asibiti. Babu gwajin jinin da ke nuna shi kai tsaye, sai likita ya tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ba ciwon suga ko tarin fuka ba. A daina sayen maganin taifot a kemis duk wata.

2. Ku san babbar alamarsa: wahalar aiki ba ta fitowa nan take. Mace ta yi wanki ranar Asabar garau, sai Litinin ta kasa ɗaga kai, jiki na ciwo, magana na kuɓuce mata, barci bai wartsakar da ita ba. Hakan kan ɗauki kwanaki. Kada a ce mata, "Ai shekaranjiya lafiyarki ƙalau."

3. Kada a tilasta wa majinyaci motsa jiki. A 2011 mujallar Lancet ta buga binciken PACE da aka yi a Birtaniya kan mutum 641, wanda ya ce ƙara motsa jiki sannu a hankali na kawo sauƙi. Majinyata suka ce su dai ƙara kwantar da su yake yi. Wani daga cikinsu, ɗan Ostireliya, ya dage sai an fito da bayanan binciken, har kotu ta ba da umarni a 2016. Da aka sake lissafi bisa ma'aunin da masu binciken suka tsara tun farko, adadin waɗanda aka ce sun warke ya ragu sosai. A Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye shawarar ƙara motsa jiki sannu a hankali. Marasa lafiya ne suka ja wannan fafutuka daga kan gadajensu, kuma sun cancanci a gode musu.

4. A tsaya tun da sauran ƙarfi. A raba aiki kashi-kashi, da hutu a tsakani. Kujera a madafa, kujera a banɗaki. Salla a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ke cutarwa. A ajiye ɗan littafi ana rubuta aikin kowace rana da yadda jiki ya kwana. Cikin 'yan makonni iyakar ƙarfin jiki za ta fito.

5. Masu dubiya su taƙaita. Hira ma aiki ce, haka hayaniyar yara da hasken waya. "Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi" ta wadatar.

6. Ranar ganin likita wani ya raka majinyaci da littafin nan, ya yi bayani in harshe ya yi nauyi. A bar masa washegari babu aiki, domin zaman layi kaɗai na iya kwantar da shi.