Hoto ma yana da isnadi

Darasin yau na masu kula da shafukan masallatai da islamiyyoyi ne.

Ba ma karɓar hadisi sai mun san maruwaicinsa. To don me za mu kwaso hoto a intanet mu manna a shafin makaranta ba bincike?

A Yulin 2010 tankar mai ta fashe a garin Sange na ƙasar Kwango, mutum sama da 200 suka rasu. Daga baya hoton gawarwakin ya yi ta yawo, wasu su ce Musulmin Bama ne, wasu su ce Kiristocin Najeriya ne. Duk ƙarya.

Ɗan'uwa, kafin ka ɗora hoto:

1. Saka shi a Google Lens ka gano asalinsa.
2. Nemi izinin mai shi, guminsa ne.
3. In daga Wikimedia Commons ne, duba sharaɗinsa. Lasisin CC BY ya halatta amfani, amma sai ka ambaci mai hoton da lasisin.
4. Daina rubuta "Hoto: Google". Google dillali ne, ba mai kaya ba.

Ranar da aka kama shafinku da hoton ƙarya, har fatawarku sai an yi wa kokwanto.

Allah Ya sa mu riƙe amana.